Kwantenar da Ta Rantse Ba a Buɗe Ta Ba

Hatimin ƙarfen da ke ƙofar kwantenar lafiyarsa ƙalau, sai da aka sa almakashin ƙarfe aka datse shi a gaban kowa. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya bugi fuskoki. Layin gaba na kwalayen maganin allura yana nan a jere tsaf, amma bayansa wayam, mutum zai iya shimfiɗa tabarma ya miƙe. Fiye da rabin kayan ya yi layar zana.

Kamfanin da ya ɗauko kayan na dillalan jigila ne, masu karɓar kayan mutane daga jirgin ruwa, su fanshe su a hannun kwastan, su ɗora a mota har ƙofar mai su. A da aikin na baki ne da sanayya. Yanzu ya koma na allon kwamfuta, kuma a cikin kowace kwantena mai sanyi akan rataye wata 'yar na'ura baƙa, girman sabulun wanka, mai maɗaurin zane. Ba ta san inda take ba, abu biyu kawai take riƙewa: sanyin wurin, da duk lokacin da haske ya taɓa ta. Ma'aikata suna kiranta shaida.

Da aka karanta shaidar, sai ta ce tun da aka rufe ƙofa a tashar jiragen ruwa ba ta ga haske ba, sanyi kuma bai motsa ba. Ke nan kafin a rufe aka yi satar, a can tasha, lokacin duban kwastan. Mutum ɗaya ne ya tsaya wa kamfani a wurin, wato direban tirelar, wanda ake kira Hawainiya saboda ko akuya ce ta tsallaka titi sai ya tsaya ya jira ta gama shawara.

Kafin azahar hukunci ya gama zagaya farfajiyar. Masu lodi suka ce dama shiru-shirun nan nasa ba na Allah ba ne. Makanike ya ce shi ya daɗe yana zargin mutumin da bai taɓa satar mai ba. Manaja ya shigar da rahoton asara a manhajar da kamfanonin jigila da tashoshi da kan iyakoki suke tarayya a kanta, nan take katin aikin Hawainiya ya koma ja. Direba mai jan kati kuwa babu ƙofar tashar da za ta ɗaga masa, a ƙasarsa ko a ta maƙwabta. 'Yan sanda suka zo daga baya suka ɗauki abin da ya rage na mutumin.

*

Kamfanin inshora ne ya turo Mai Sawu. Mace ce da ta fara manyanta, mai takalmi marar tsini da jakar hannu da ta ga duniya. Aikinta bin kayan da suka ɓata tsakanin teku da sito. Ba ta tausayin wanda ake tuhuma, ba ta kuma tsanarsa, domin inshora ba ta biyan ta don ko ɗaya daga ciki.

Manaja ya juyo mata da allon kwamfutarsa yana murmushi irin na wanda ya riga ya ci jarrabawa.

"Malama, wahala kawai za ki sha. Ga shi nan, layin sanyin da shaida ta riƙe miƙe kamar an ja da zare. Zamanin duƙawa ana duban ƙasa ya wuce. Mutum yana ƙarya, na'ura ba ta yi."

"Yaushe motar ta iso?"

"Jajibirin ranar hutu, da yamma. Muka jona ta da wuta ta kwana, sai da aka dawo aiki muka buɗe."

"Idan ba direban ba ne fa?"

"Sai in danna maɓalli katinsa ya koma kore, in ba shi haƙuri. Amma shi ne."

Ta duba layin, ta yarda cewa miƙe yake.

*

Ta sami Hawainiya a kan benci a bayan kantar 'yan sanda, an karɓe masa ɗamara da igiyoyin takalmi. Dattijo ne siriri, hannayensa sun fi jikinsa girma.

"Wa ya ba ka shaidar?"

"Mai Sito, ranar da zan tafi. Kullum shi ke bayarwa tare da takardun ƙofa."

"Wa ya rataye ta?"

"Ni da hannuna. Kwastan suka gama ƙirga, na rataye, aka rufe, aka buga hatimi ina tsaye. Kaya cike suke har baki, ranki ya daɗe. Ko Alƙur'ani aka kawo zan dafa."

"Rantsuwa ba ta shiga rahotona."

Ya murza yatsu. Can ya ce, "Ni ba zaman nan ne ya dame ni ba. Zama ai na saba, rabin rayuwata a layin kan iyaka na yi ta. Katin nan ne. Ban iya komai ba sai sitiyari, kuma gidana da gidan marigayi yayana duk a kansa suke ci. In an wanke ni, zai dawo kore?"

"Haka Manaja ya ce," in ji ta. Ta lura da kanta cewa ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

*

Sawun farko ya kai ta rumfar mai gadi, saboda masu lodi sun tsegunta mata cewa tsohon ya yi sabuwar waya, irin wadda albashinsa ba zai saya ba.

"Baba, wannan waya ta fi ƙarfin gadi."

"Ta fi ƙarfina ma ni kaina, 'yata. Autata ce ta aiko, wai don ta riƙa ganin fuskata. Har yau kunnena kawai take gani." Ya miƙa mata. Babu komai a ciki sai hotunan rufin rumfa da wani babban yatsa.

"Ranar hutu wa ya shigo?"

"Su wa ba su shigo ba? Manaja ya zo, ya kulle ofis ya yi barci, wai baƙi sun cika masa gida. Mai Sito ya zo duba wutar kwantena, shi dama ba ya hutu, bawan Allah, har motar kwasar tsofaffin katako ya tsaya ya sallama. Injiniya ma ya zo, yana ta waige-waige kamar marar gaskiya."

Kyamarar farfajiya, kamar yawancin 'yan uwanta, ƙofar shiga take kallo. Ta ɗauki duk wanda ya shigo da fuskarsa, ba ta ɗauki abin da ya yi bayan ya shigo ba.

Injiniya shi ke kunna shaidu ya haɗa lambar kowacce da ta kwantenarta, ya jera su a faranti don Mai Sito ya raba. Idan akwai mai iya sa na'ura ta yi ƙarya, shi ne. Da Mai Sawu ta tambaye shi abin da ya kawo shi ranar hutu, gumi ya keto masa a ɗaki mai sanyi, har ta fara tunanin ta zo ƙarshen hanya.

"Anti, don girman Allah kada Manaja ya ji."

"Ya danganta da abin da zan ji."

"Ganawar neman aiki na yi da wani kamfani ta bidiyo. Intanet ɗin gidana ba ya ja. Na sa kwat a sama, gajeren wando a ƙasa." Ya nuna mata saƙonnin. "Ba su ma ɗauke ni ba."

"A iya sauya abin da shaida ta riƙe?"

"Ba a iyawa. Ko masu ƙera ta ba za su iya ba. Abin da ta gani shi take faɗa."

Ta bar shi da guminsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma kazarsa ba tata ba ce.

*

Kwantenar tana nan a ƙarshen farfajiya, babu mai kula ta tun da ta gama ba da kunya. Mai Sawu ta zagaye ta, sannan ta duƙa a gindin ƙofa ta yi abin da Manaja ya ce zamaninsa ya wuce.

Hannun ƙofar, wanda ake zura hatimi a cikinsa, ƙusoshi masu dunƙulallen kai ne ke riƙe da shi. Ɗaya daga ciki ba ƙusa ba ce, noti ne aka ɗaura aka shafe da fenti mai kalar ƙofar. Wanda ya kwance wannan zai iya zare hannun gaba ɗaya, ya buɗe ƙofa, hatimi na rataye bai san an yi ba. Tsohuwar dabara ce, ta girmi kwamfuta. Ta danna fentin da farce, ya lotsa. Ta kankare kaɗan, sai ga ƙurar hanya a ƙarƙashinsa, samansa kuwa fes. An shafa shi ne bayan mota ta gama tafiya.

To ga ƙofa ta ce an buɗe ta a cikin gidan nan, ga shaida ta ce ba ta ga haske ba. Injiniya kuma ya ce shaida ba ta ƙarya. Mai Sawu ta miƙe tana kaɗe gwiwa. Mai shaidar da ba ya ƙarya ma yana iya ɓatar da alƙali, idan ba a wurin da abin ya faru ya kwana ba.

Ta koma ofis ta ce a ba ta na'urar kanta.

"Ai na nuna miki duk abin da ke cikinta," in ji Manaja.

"Cikinta na gani. Jikinta nake so."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da ita a ƙulle cikin leda, yadda ya adana ta tun ranar. Ta kwance ledar. Ba ta ma kai ta hanci ba abin ya iso da kansa, ya kama maɗaurin zanen kamar an jiƙa shi a ciki. Ta sha shiga kwantenonin magani, warinsu na kwali ne da roba da sanyi. Wannan kuwa warin kifin gwangwani ne da ɗanyar albasa.

*

Ɗakin shan shayi ƙarami ne, da butar lantarki da kofuna marasa 'yan uwa da firji ɗaya mai gurnani. Wata dattijuwa da kowa ke kira Inna ce ke kula da shi. Mai Sawu ta buɗe firjin, ƙwan cikinsa ya kawo haske a kan robobin abinci da aka jera, kowace da murfinta. Ta rufe, ta sake buɗewa, tana kallon ƙwan.

"Za ki kashe mana shi," in ji Inna. "Da ƙyar yake numfashi."

"Inna, in mutum ya bar abincinsa a nan ya kwana, kina zubarwa?"

"Ni? Rufa mini asiri. A gidan nan ka taɓa matar mutum ya fi sauƙi da ka buɗe robarsa. Tun wani rikici da aka yi a kan cinyar kaza har aka kai ga kujeru, aka kafa doka. Ko ta yi tsiro ba na taɓawa."

"Kwanan nan akwai wadda ta daɗe?"

Inna ta dube ta, ta dubi ƙofa. Tsegumi da amana suka yi kokawa a fuskarta, kuma kokawar ba ta yi nisa ba.

*

Da la'asar Mai Sawu ta sa aka tara su a ofishin Manaja: shi kansa, Injiniya, mai gadi, Inna, da Mai Sito, wani kakkauran mutum mai tsafta da makullai a ƙugu, ƙanin matar Manaja ne. Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya zauna kusa da ƙofa yana hamma.

Ta fara da notin da fentin, ta faɗi abin da suke nufi cikin 'yan kalmomi. Manaja ya buga tebur.

"Wato a farfajiyata aka yi? To shaidar fa? Makancewa ta yi?"

"Idonta garau. Ba ta dai je tasha ba. An ba direba wata matacciya ya rataye, ita kuwa mai rai ta zauna a nan. Maganin allura sanyin firji yake so, ba na ƙanƙara ba, saboda haka duk firjin gida zai ba da layin da ka nuna mini. Matsala ɗaya ce, firji yana da ƙwan fitila, duk wanda ya zo ɗaukar madara sai ta ga haske. Dole a sa ta cikin wani abu mai murfi, wanda haske ba ya ratsawa, wanda kuma babu mai buɗewa."

Ta kwance ledar ta miƙa wa mai gadi. "Baba, shinshina ka miƙa gaba."

Tsohon ya shinshina, ya kau da kai, ya miƙa. Injiniya ya yamutsa fuska. Inna ko karɓa ba ta yi ba, ta ce ta ji daga nan. Manaja ya kai hanci, dariya ta kusa ƙwace masa, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba yi wa ƙanin matarsa kullum da rana, wai kuliyoyin unguwa sun san lokacin tashinsa daga aiki. Sai tsokanar ta maƙale. Tun da likita ya hana Mai Sito jan nama, babu wanda bai san kifin gwangwani da albasa ne kullum a cikin robarsa ba.

Na'ura ta iso hannun Mai Sito. Ya ɗaga ta, ya ja numfashi sosai, ya sake ja, ya dubi mutane da fuskar mai gaskiya.

"Ni ban ji komai ba."

Kuma gaskiyarsa ce, bai ji ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya wanke robar da sabulu kafin ya sa na'urar, ya shinshina, hancinsa ya ce masa ta fita.

"Shuɗiyar robar nan taka," in ji Inna a hankali, "tun ranar da Hawainiya ya tafi take ƙasan firji, sai safiyar da aka buɗe kwantena ta tashi. Har matarka ta bugo mini tana cigiya."

"Kuma wa ke fara shiga kwantena ya ciro shaida?" Mai Sawu ta tambayi ɗakin.

Amsar tana zaune da makullai a ƙugu. Shi ke shiga shi kaɗai, ya fito da ita a hannu, haka ake yi tun da aka kawo na'urorin. Ya shiga da mai rai a aljihu, ya fito da matacciya a aljihu. Kwalayen kuma sun bi motar tsofaffin katako.

Mai Sito ya ajiye na'urar a hankali kamar ƙwai. Bai dubi ɗan sanda ba, Manaja ya duba.

"Yaya, ka bari mu yi magana a gida."

"Wane gidan?" in ji Manaja. "Wanda zan je in gaya wa yayarka me?"

Ɗan sanda ya daina hamma.

*

Washegari da hantsi aka sako Hawainiya. Mai Sawu ce ta ɗauko shi a motarta, ba don kirki ba, sai don tana bukatar sa hannunsa kafin ta rufe rahoto. Ya zauna yana zura igiyar takalmi, yana yi mata addu'a har ta ƙosa.

Sun sami Manaja a gaban kwamfuta tare da Injiniya, dukansu ido ya yi ja.

"Maɓallin fa?" in ji ta.

"Babu shi." Manaja bai ɗago ba. "Na sawa akwai, na cirewa ne babu. Wai don kada kamfanoni su riƙa wanke nasu. Na janye rahoton, na rubuta wa masu manhajar, na haɗa da takardar 'yan sanda."

"Me suka ce?"

Injiniya ya karanto: an gode da tuntuɓa, saƙon yana da muhimmanci, za a duba. "Na'ura ce ta amsa, Anti. Kuma ko sun goge a wajensu, tashoshi da kan iyakoki sun riga sun kwafa, kowa da nasa rumbun. Akwai wani direba da na sani, tun bara yake jira."

Hawainiya yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya saurara har ƙarshe, da alama bai gane rabi ba, amma ya gane rabin da ya shafe shi.

"Ranki ya daɗe, ina ne ofishinsu? In je da kaina in yi musu bayani. Mutum in ya ga fuskata zai gane."

Mai Sawu ta sha bin kaya har ƙasashen da ba ta jin yarensu, ta taɓa gano kwantena a ƙarƙashin tulin yashi. Ta nemi inda za ta nuna masa, ko titi, ko gini, ko sunan wani mai kujera, ta rasa. Abin ya yi mata ciwo, kuma ba ta saba aiki ya yi mata ciwo ba.

"Ba su da ofis," ta ce.

Ya jinjina kai kamar an gaya masa an rufe hanya, ya ce bari ya ɗauko bargonsa da butarsa a cikin tirela. Tirelar tana farfajiyar ciki, bayan ƙofar ƙarfe mai karanta kati. Ya ɗora nasa. Ta yi ƙara, ta kawo ja. Ya goge shi a riga ya sake ɗorawa, ta sake kawo ja.

Ana haka ɗan sanda ya iso da Mai Sito da ankwa a hannu, an kawo shi ya nuna inda ya ɓoye kayan aikinsa. Ɗan sandan ya laluba aljihun fursunansa, ya zaro kati, ya ɗora. Wuta ta kawo kore, ƙofa ta buɗe musu har da 'yar waƙarta ta maraba.

Hawainiya ya matsa gefe ya ba su hanya.